Yadda Ake Karanta Fitilun Fawa Banki Ba Tare da An Ba Kowa Caji Ba

Matso kusa, mai karatu. Idan ka bi matakan nan yadda na jero maka su, na yi maka alkawarin da ba ya tashi: za ka zauna da fawa banki cike taf a tsakiyar unguwar da wayar kowa ta mutu, kuma ba wanda zai ɗanɗani ko ɗigon cajinka. Ƙari a kan haka, wanda ka hana shi ne zai ba ka haƙuri a kan ya dame ka.

Ga wanda bai sani ba, fawa banki ba ruwansa da mahauta, ba ruwansa kuma da gidan ajiyar kuɗi. Ɗan akwati ne kamar sandar sabulu, ana ɗura masa wuta lokacin da ake da ita, ya shayar da waya lokacin da babu. A gefensa akwai maɓalli. In ka danna, wasu 'yan fitilu huɗu ƙanana kamar ƙwayar dawa su haska, su gaya maka abin da ya rage a cikinsa. Waɗanda suka ƙera shi sun ce kowace fitila kashi ɗaya ce cikin huɗu. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa zama a majalisar unguwa ba.

Ba ni na ƙirƙiro ilmin nan ba. A bakin malaminsa na ɗauke shi, wato Jafaru, mai shagon kayan masarufi a unguwarmu a nan Daura, a shekarar da ruwan farko ya zo da tsawa ya ƙone mana taransfoma. Aka ce za a gyara nan ba da jimawa ba. Kai ma ka san tsawon wannan jimawar. A bencin ƙofar shagonsa muke zama ƙarƙashin darbejiya, don haka duk abin da za ka ji, idona ya gani ko kunnena ya ji.

Mataki na ɗaya: Sayi mai fitila, ka guji mai lamba

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɗan gilashi da ke rubuta lamba ƙuru-ƙuru, tamanin ko sittin da biyar. Wannan maƙiyinka ne. Ko tsohuwar da ba ta yi boko ba ta san tamanin ya fi ashirin. Lamba ba ta da fassara, ba ta kuma san ya kamata ba.

Da Jafaru ya je shagon Chekwube, Inyamurin nan da ya daɗe yana sayar da kayan waya a bakin kasuwa har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, mai lambar ya fara miƙo masa.

"Maigida, wannan shi ne sabon yayi. Ba ya ɓoye maka komai."

"To shi ne matsalarsa," in ji Jafaru. "Ba ni wancan mai fitilun."

Chekwube ya dube shi ta saman gilashinsa. "Wancan sai ka danna ma yake nunawa. Ya haska kaɗan ya mutu."

"Madalla. Naɗe min shi."

Ka ga mai basira. Abin da ke haskawa kaɗan ya mutu, kai kaɗai ne shaidarsa.

Mataki na biyu: Kada ka cika shi da wutarka

Wannan a bayyane yake, tunda ba ka da ita. Nemi wani ɗan'uwa mai sola wanda kunya ba za ta bar shi ya ce maka a'a ba. Suruki ya fi daɗin sha'ani, musamman ƙanen mata.

Jafaru yana da Anwar, ƙanen matarsa, mai kemis a kan hanyar asibiti, da faifan sola biyu a kan rufi saboda firjin magani. Kullum da safe, kafin ya buɗe shago, sai ya biya.

"Anwar, ɗan jona min wannan."

"To, Yaya Jafaru."

Kullum amsar ke nan. Wani lokaci Anwar ya cire tasa wayar don a samu gurbi. Kada wannan ya taɓa maka zuciya. Rana ta Allah ce, faifan ne kawai na Anwar. Amma da zarar wutar ta shiga cikin akwatinka ta zama taka, halak malak, gumin goshinka.

Yayin da yake sha, za ka ga fitila tana ƙiftawa. Wannan na nufin kashin nan ne ke cika. Idan duk huɗun suka tsaya cak ba ƙifta, ya ƙoshi. Wannan ita ce gaskiyar magana, kuma nan ne wuri na ƙarshe da za ka yi amfani da ita.

Mataki na uku: Haddace fassarar

Ga ta nan yadda malam ya karantar, ba ƙari ba ragi.

Idan fitila huɗu ta kama, ka girgiza kai, ka yi tsaki. "Kai, wannan abu maƙaryaci ne. Haka yake yi, ya nuna huɗu, kana jonawa ya faɗo ɗaya." Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, domin ta huɗun ba ta daɗewa. Ƙarya mai ƙamshin gaskiya ta fi kowace tsawon rai.

Idan uku ce, ka ce, "Ka gani ko? Yanzun nan huɗu ne. Zuba yake yi." Ka riƙe shi da hannu biyu kamar mai jinya.

Idan biyu ce, kada ka ce rabi. Rabi kalma ce mai sa kwaɗayi, mutum zai ga ai rabi ya ishi mutum biyu. Cewa za ka yi, "Ya kusa tafiya."

Idan ɗaya ce, ba ka bukatar magana. Juya masa ya gani da idonsa, ka sauke ajiyar zuciya. Shi da kansa zai ce, "Ayya, bar shi kawai."

Idan kuwa ɗayar tana ƙiftawa, to da gaske ya ƙare. Amma kada ka yi asarar damar. Ka ce idan yana haka aka jona masa waya, zuƙe mata nata yake yi, har ya taɓa ƙona ta wani direba a Kongolam. Ba wanda zai je Kongolam neman direban.

Lura: kada ka taɓa bai wa mutum ya danna da hannunsa. Likita ba ya miƙa wa majinyaci abin awo.

Mataki na huɗu: Dubi fuska kafin ka dubi fitila

Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa. Suna zaton fitila ce ke yanke hukunci. A'a. Mai roƙon ne.

Wata rana da yamma Alhaji Abdulmuhaimin ya tsaya da motarsa a ƙofar shagon. Ɗan kwangila ne, kuma ana cewa yana da kunne a sakatariya. Ya sauke gilashi, ko fitowa bai yi ba.

"Jafaru, cajar motar nan ta lalace. An ce kana da ɗan akwatin nan."

Na ga lokacin da Jafaru ya danna. Ɗaya ce, wallahi ɗaya tak. Ya tashi har hularsa na faɗuwa.

"Ranka ya daɗe, ai ɗayan wannan ta fi huɗun wasu. Tafi da shi, in ka gama a aiko."

Ɗan lokaci kaɗan kafin nan wani malamin firamare ya roƙa a kan biyu, aka ce masa ya kusa tafiya. Yana zaune yana kallo. Ya kau da kai, don malaman firamare sun saba.

Ka riƙe wannan: fitila ɗaya a gaban mai mota huɗu ce, fitila huɗu a gaban mai keke ɗaya ce. Lissafi ne mai zurfi, ba a koyar da shi a makaranta.

Alhajin bai aiko da shi ba sai washegari da la'asar, a mace murus, igiyar ma an canza ta da wata mai lanƙwasasshen baki. Jafaru ya ce alamar kusanci ce.

Mataki na biyar: A gida ma kada ka sassauta

Za a ce maka iyali daban ne. Wanda ya faɗa maka haka bai san caji ba.

Siddiƙa, matar Jafaru, tana yin alkaki da dubulan na biki, kuma ta waya ake mata oda. Wayarta in ta mutu, ciniki ya mutu. Ba a ɗakinsu nake ba, amma katangarmu ɗaya, kuma muryar Siddiƙa ba ta san katanga ba.

"Abban Asma'u, ara min abin nan in kira matar nan ta Zango, tun jiya take nemana."

"Saura ɗaya."

"Ɗaya? Ba yanzu ka dawo da shi daga wurin Anwar ba?"

"Yau hadari ne, solar ba ta ja ba."

"Hadari! Ni da na shanya wanki ya bushe kafin in juya? Kawo in danna."

"Ba a danna shi barkatai, maɓallin yana saurin lalacewa."

Can ta ce, "Wutar ƙanena, a gidan mijina, ta fi ƙarfina. To Allah ya ba mu lafiya." Ta sa hijabi ta tafi kemis ɗin da ƙafa cikin rana.

Ka ga an yi nasara ta fuska biyu: caji bai ragu ba, ita kuma ta sada zumunci.

Mataki na shida: Babban yatsa

Yanzu mun zo kan ilmin manya. Akwai ranar da mai roƙo zai tsaya a kanka, idonsa a kan akwatin, ba damar juya baya, ga shi kuma ka yi masa wancan karatun na "maƙaryaci ne" har ya haddace. A nan babban yatsa yake aiki. Fitilun a jere suke. Ka kwantar da yatsan a kan uku, ka danna maɓalli da ɗan manuni, ka juya masa ya gani. Ɗaya za ta haska, sauran suna ƙarƙashin fata suna nasu sha'ani. Da rana ake yi, don cikin duhu haske yana ratsa yatsa.

Ranar da na ga an yi shi a gabana, Sabiru ne mai roƙon. Sabiru makwabcinmu ne, yana facin taya a bakin titi, mutum mai ƙarancin magana. Shi da Jafaru tun suna yara suke tare, a gidan su Jafaru ma ya zauna lokacin da aka turo shi karatu daga Baure. Mahaifinsa, Baba Amadu, yana can Baure, ya daɗe yana jinyar tsufa, yau da sauƙi gobe babu. Ƙanwarsa Hussaina ce ke kula da shi, ita ke kiran Sabiru tana gaya masa yadda jikin yake.

Da hantsi ya iso, wayarsa a hannu, goshinsa duk gumi.

"Jafaru, taimaka min da caji ko kaɗan ne. Hussaina ta kira da safe ta ce Baba bai karya ba. Muna cikin magana wayar ta fara ƙara, yanzu ga ta nan ja."

Jafaru kuwa bai jima da dawowa daga kemis ba. Akwatin ma da ɗuminsa.

Jafaru ya ɗauko shi a hankali, ya kwantar da yatsa, ya danna, ya juya.

"Ka gani da idonka. Ni ma kiran mutanen Kano nake jira, kayana na hanya."

Sabiru ya sunkuya ya duba. Ɗaya.

"Ko minti kaɗan, in ji yadda ake ciki?"

"Wallahi da da hali, Sabiru. Kai ne fa. In na jona, duk biyun za mu rasa." Sannan ya ƙara da abin da ya kamata kowane ɗalibi ya rubuta a zuciyarsa: "Jikin tsofaffi ai haka yake. Da yamma za ka ji an ce ya sha fura."

"Haka ne," in ji Sabiru. "Yi haƙuri, na dame ka."

Ka tuna alkawarin da na yi maka? To ga shi.

Sabiru ya tambaye mu mu da ke benci, duk namu a mace suke, tawa tun shekaranjiya. Lambar Hussaina kuwa a cikin wayar take, bai haddace ba, wa ke haddace lamba yanzu? Ya wuce wurin mai caji na tasha, inda janareto ɗaya ke ɗauke da wayoyin unguwa uku. Aka sa tasa a layi, aka ce ya dawo bayan magariba. Ya koma facinsa.

Mataki na bakwai: Idan labari ya zo, ka riga kowa salati

Bayan la'asar wani mai babur ya shigo layin, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya, yana tambayar inda Sabiru mai faci yake. Daga yadda ya cire hula muka gane.

Baba Amadu ya rasu kafin azahar. Hussaina ta yi ta kiran wayar Sabiru, a kashe. Ta kira ta matarsa, a kashe. Dangi suka jira iyakar abin da za a iya jira da zafin nan, liman ya ce hakkin mamaci a gaggauta. Aka yi masa sutura, aka sallace shi, aka kai shi. Sannan aka samu wanda zai taho.

Sabiru yana riƙe da tayar babur lokacin da aka gaya masa. Bai sake ta ba. Ya zauna a ƙasa da ita a cinyarsa, ya ce, "An kai shi? An riga an kai shi?" Ya maimaita haka har sai da wani ya karɓe tayar daga hannunsa.

A irin wannan lokaci, ɗalibi, kada ka daburce. Yi abin da malam ya yi. Ya riga kowa ɗaga murya da Innalillahi, ya riga kowa dafa kafaɗar Sabiru, ya ce, "Kwana ne ya ƙare, ba yadda za a yi." Gaskiya ne kuwa, ba mai musun wannan. Kyawun gaskiya irin wannan shi ne faɗinta, mutum yana iya ɓuya a bayanta da kayansa duka.

Akwatin kuma ka tura shi can cikin aljihun ciki. Kada maɓalli ya dannu.

Mataki na takwas: Ka je ta'aziyya, amma ka zaɓi wanda za ka zauna kusa da shi

A nan malam ya yi kuskure, kuma saboda kai na kawo shi, don kada ka maimaita.

Ranar sadakar uku muka cika mota daga unguwa, muka bi ta Zango zuwa Baure. Har da Anwar, don a wurinsa ake sayen maganin Baba Amadu. Aka shimfiɗa mana tabarmi a rumfar ƙofar gida. Aka yi addu'a, aka shafa, aka kawo ruwa. Sabiru yana gefe, idonsa ya faɗa.

Sai wani tsoho, ƙanen marigayin, ya juyo gare shi. Ba da faɗa ba, da irin muryar wanda abu ya tsaya masa a rai.

"Sabiru, wai me ya sami wayar taka? Yarinyar nan har kuka ta yi. Shi kuwa tun safe sunanka yake kira."

"Caji ne, Baffa. Ba mu da wuta. Na nema ban samu ba." Ya nuna Jafaru da hannu, don ya wanke shi a gaban dangi. "Ga ɗan'uwana nan, ya so ya taimaka, nasa ma saura ɗaya ne."

Anwar yaro ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ba ta duba gabanta kafin ta taka. Ya ɗago kai.

"Ranar? A'a, ai ranar da hantsi ya karɓa a wurina, huɗu cif. Ni na cire masa da hannuna, har na ce..."

Sai ya ji shirun da ya sauka. Ya dubi Jafaru, ya dubi Sabiru, ya rufe baki. Amma magana zarar bunu ce.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma malam bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya ce kayan zamani ne, zafi yana shanye su. Ya ce daga kemis zuwa shago a aljihu yake, aljihu kuma da gumi. Ya ce ko Chekwube ya gaya masa irin wannan yana da wannan lalurar. Ya fara kawo maganar direban Kongolam, sai ya ga ba mai kallonsa. Kowa tabarma yake kallo.

Sabiru kaɗai ke kallonsa. Ya daɗe yana kallonsa, ba fushi a fuskar, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san mutum. Sannan ya ce, "Allah bai rubuta zan gan shi ba. A bar maganar." Ya juya wurin tsohon. "Baffa, a ƙara mana Fatiha."

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Zango. Can Jafaru ya zaro akwatin, ya ɗaga shi sama, ya danna a gaban kowa. Fitilu huɗu suka haska.

"Ko akwai mai son caji?"

Ba wanda ya miƙo waya. Wayoyin rabin motar a mace suke, na sani.

Direba ya dube shi ta madubi. "Bar abinka, Malam. Kada ya ƙare maka."

Darasi: kada ka taɓa tayi. Tayi amsa laifi ne.

Mataki na tara: Idan benci ya zama naka kai kaɗai, ka ce iska kake sha

Bayan kwanaki Sabiru ya dawo daga Baure. Ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya je wurin Chekwube, ya dawo da faifan sola da batir da wani dogon katako mai soket jere. Ya kafa a rumfar facinsa. Aka tambaye shi nawa ne cajin, ya ce ba na sayarwa ba ne, sadaka ce ga Baba Amadu, duk mai waya ya kawo.

Majalisa ba ta yi taro ta yanke shawara ba. Yau mutum ɗaya ya tafi jiran wayarsa, gobe biyu, jibi aka ga mai shayi ma ya matsar da teburinsa can. Ni ma, don binciken ilmi kawai, na koma. Siddiƙa kuwa ta hannun matar Sabiru take aika tata, har odar alkakinta ta ƙaru.

Jafaru ya rage daga shi sai benci da darbejiya. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Hayaniya ce ba na so." Haka za ka ce kai ma. Ka faɗa da ƙarfi don su ji daga can.

Da ya je kemis da safe kamar kullum, Anwar bai ɗago kai daga kwalayen magani ba.

"Yaya Jafaru, soket ɗin ya lalace."

Ga soket ɗin nan, wayar wata ma'aikaciyar jinya na jone tana sha. Jafaru ya mayar da akwatinsa aljihu. Wanda ya koyar da karatu ba ya gardama in an biya masa shi daidai.

Mataki na goma: Yadda ake karanta fitila idan ba mai kallo

Wannan mataki gajere ne, don ba fassara a cikinsa. Ka danna, uku. Washegari ka danna, biyu. Ka rage hasken wayarka, ka daina kallon bidiyo. Ka danna, ɗaya. Ka juya don ka nuna wa wani, ka ga ba kowa a bencin. Sannan ta fara ƙiftawa, sannan ka danna ka ƙara dannawa, ba abin da ya haska.

Ranar kuwa da gaske kayan Jafaru na hanya daga Kano, direban babbar motar ba ya jira, in ya kira bai samu ba wucewa yake. Layin tasha ya kai har bakin titi. Ya tsaya a ƙofar shago ya dubi gabas, ya dubi yamma. Sannan ya gyara hula ya taho rumfar faci, waya a hannu ɗaya, akwati a ɗaya, yana tafiya kamar wanda takalmi ya matse.

Hira ta tsaya. Ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Sabiru yana durƙushe yana nitsa tiyub cikin ruwa yana neman inda iska ke fita. Ya ɗago, ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Sabiru, dama... in da gurbi..."

Ba gurbi, katakon a cike yake. Sabiru ya miƙe, ya cire tasa wayar, ya karɓi ta Jafaru ya jona. Ya nemo wata igiyar ya jona akwatin ma. Ya jawo masa kujera daga inuwa.

"Zauna. Sadaka ba ta zaɓen wanda za ta je wa." Ya koma ya durƙusa gaban ruwansa. "Abu ɗaya dai muke roƙon duk wanda ya jona. Kafin ta cika, ya yi wa Baba addu'a."

Jafaru ya zauna. Ya ɗaga hannuwansa biyu, muna kallo, leɓɓansa suna motsi. Ban ji abin da ya karanta ba. Hannuwan dai sun daɗe a sama, kuma da ya shafa bai sauke su daga fuskarsa da wuri ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu malamin fitila ne kawai. Ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da darussan nan, ko mutuwar zumunci ce, ko sanyin tuwo a gida, ko suruki ya koyi karatun ya biya maka. Alkawarin da aka yi maka na caji ne, kuma an cika: ba wanda ya taɓa maka shi. Ba a yi maka alkawarin abokan zama ba, ba a yi maka na barci mai daɗi ba. Idan wata rana kai ne a kwance ana neman wanda za a kira, aka samu wayoyin unguwa duk a kunne amma ba mai ɗagawa, kada iyalanka su zo ƙofata. Su je su danna maɓalli, su ga ko fitila huɗu za ta ɗauki makara.